Hannun Daman Kakata

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gidanmu ta cika da mata. An shimfiɗa tabarmi har bakin madafa, kuma duk na Kaka ne, na sayarwa, waɗanda suka rage a jingine a kusurwar ɗakinta tun da ciwo ya kwantar da ita. Mama ce ta ce a kwance su. Sababbi ne, suna ƙamshin kaba, har na ga wasu matan suna shafa su da tafin hannu kamar masu shirin tayawa.

Wata tsohuwa daga Amarawa, wadda ta daɗe tana saƙa wa Kaka tabarmi, ta shigo ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ce, "To, ni da wa za ni yin hwaɗa ran Lahadi?" Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska. Maƙwabciyarmu ta gabas, wadda suka yi shekaru suna rigimar kaji da Kaka ta kan katanga, ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Ita ta cika randuna, ita ta hura wuta, ita ke kore awaki daga kan tabarmi. Matan kasuwa suka zo tare, ɗaya ta ce daga yau layin masu tabarma ya yi shiru ke nan, sauran suka yi 'yar dariya, sannan suka shiga share hawaye.

Ni aikina raba ruwa a kofuna, don haka na ji kusan komai. Duk wadda ta zo sai ta ce ya haƙuri, Allah shi gafarta mata, a amsa. Daga nan sai ta rage murya ta yi tambayar da kowa ke yi a gidan rasuwa.

"Ta samu cikawa da kalma?"

Gwaggo ce ke amsawa, ƙanwar Babana da ke aure a Ƙonni, tsallaken iyaka. Ita ce a wajen kan Kaka lokacin da rai ya fita.

"Ina hwa," in ji ta. "Bakin ya daɗe da mutuwa. Na yi, na yi, har muryata ta dushe. Ko leɓe ba ta motsa ba."

Sai matan su ce Allah ya san zuciya, su koma wata maganar.

Baba ba ya nan aka yi rasuwar. Ya kai kaya garin Tawa, can cikin Nijar, a hanya waya ta same shi, kuma kafin ya tsallako boda an riga an binne Kaka. Ya shigo cikin gida da ƙurar hanya a jikinsa daidai lokacin da Gwaggo ke maimaita wannan amsa ga wasu baƙi. Na ga ya tsaya da takalmansa a hannu har ta gama. Sai ya juya ya koma zaure. Daga ranar, abincin da aka kai masa haka ake dawowa da shi a rufe. Ruwa kawai yake sha.

Akwai abin da na sani game da safiyar nan wanda ba wanda ya sani, kuma Baba ne ya fi kowa bukatar jin sa. Amma ni ce 'yarsa ta fari. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a nan, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya kallonsa ido da ido. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta gado. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, can na girma. In Baba zai ambace ni sai ya ce "ta ɗakin Inna", don Inna yake ce wa mahaifiyarsa. Abin da ke haɗa ni da shi gaisuwar safe ce, ina durƙushe ina kallon ƙasa, shi yana kallon wani wuri.

Ga shi kuma ni ba mai magana ba ce ko da wa. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Kaka ta sa mini suna Bebiya.

"Bebiyata, mi kinka gani yau?" Haka take tarbata in na dawo. In na ce ba komai sai ta ce, "Ƙarya ta. Waɗanga idanun naki ba abin da ke wuce su. Bakin dai na anka manta ba a buɗe ba."

Ita kuwa baki ne da ita. Tana sayen tabarmi da faya-fayai daga matan Lafani da Amarawa, ta kai kasuwar Illela ran Lahadi, wani lokaci ta tsallaka da su Ƙonni ta dawo da sefa ɗaure a bakin zane. Daga farkon layi ake jin muryarta. Tana ciniki tana faɗa tana dariya, duk a numfashi ɗaya. Amma da an kira azahar sai ta jawo tabarma ɗaya ta rufe sauran, ta ɗauki buta. Na taɓa ganin wani baƙo riƙe da kuɗi yana cewa ta tsaya ta sallame shi, motarsu za ta tashi.

"Wanda ya kira ni ya riga ka," in ji ta. "In ka iya jira, to. In ba ka iya ba, ga masu tabarma nan har ƙarshen layi."

Ya jira.

Mutanen kasuwa suna ce wa duk mace mai ɗan jari Hajiya. Ita ba ta amsawa. "Wace Hajiya? Ƙonni ta iyakata. In kin biya mani kujera sai ki kira." Ba ta taɓa samun halin zuwa Makka ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Cewa take Allah bai ɗora wa mara hali ba. Amma duk wanda ya dawo daga aikin hajji a unguwarmu ita ce ta farkon zuwa barka, ta sha ɗan zamzam ɗin da aka zuba mata a murfin kwalba, ta tambayi yadda Ɗakin Allah yake, kamar ba a taɓa ba ta labarin ba.

Abin da ba ta wasa da shi kuma shi ne hannun dama. In ka miƙa mata abu da hagu ba ta karɓa. Sai ta zuba maka ido ta ce, "Mi ya samu na daman? Ciwo shi kai?" Jikoki, matan gida, har masu saye a kasuwa, ba wanda ta bari. Ƙanena ya fito bahago, sai da ta zauna da shi a kan kwanon tuwo kullum har ya koma ci da dama, ta bar masa hagun don jifa.

Ita ta koya mini alwala, a bayan ɗakinta, da guntun kara a hannu. In na gama sai ta ce in juyo dunduniya. In ta ga inda ruwa bai taɓa ba sai ta ɗan zungure wurin da karan, in sake. Ba ta son ɓarnar ruwa kuma. Buta ɗaya, in ta ga na ƙarar da ita sai ta ce wanka na yi. Ranar da take koya mini zaman tahiya ta kama hannuna na dama, ta naɗe yatsun a kan cinyata, ta miƙar da manuniya.

"Wanga yatsa shi ma shaida shi kai," ta ce. "Baki na hwaɗin Allah ɗaya na, shi kuma yana nunawa. Kada ki bar shi kwance awa na matacce."

Na tuna rigimarsu da Gwaggo a kan wata. Mu mutanen bakin iyaka mun saba da wannan: wata shekarar Nijar su riga mu ganin watan salla, su sha ruwa mu muna azumi, alhali da daddare daga bayan gari muna hango fitilunsu. A irin wannan shekara ce Gwaggo ta tsallako da safe a kan babur ɗin kabu-kabu, ta sha lalle da sabon zane, da kwanukan abincin salla.

"Inna, tashi ki ci. An ga wata."

"Wa ya gani?"

"Duk Ƙonni. Wata ɗaya na, sama ɗaya ta. Ko namu daban na?"

"Ni inda nike kwana, sanarwar nan nike bi. Sakkwato ba su ce ba."

"Ke da anka haiha Ƙonni!"

"An haihe ni can, an kawo ni nan da kayan ɗakina. Ki aje abincin, ba gudu shi kai ba."

Gwaggo ta ce taurin kai ne, Kaka ta ce ai gado ta yi. Murya ta yi sama har kajin maƙwabciya suka watse. Gwaggo ta tafi cikin fushi ba sallama. Kaka ta sa na rufe kwanukan da faifai a wuri mai sanyi. Da aka kira magariba ta sha ruwa, ta yi salla, ta ci miyar Gwaggo sosai, ta ce gishiri ya yi yawa. Washegari bayan an sauko idi ta ɗaura nata sabon zanen, ta ja ni muka tsallaka. Da muka shiga gidan Gwaggo ta ce, "Na zo yi maku barka da salla, ku da kunka yi ta tun jiya har ta huce." Gwaggo ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Zakkar kono kuwa, wato ta fid-da-kai, da hannunta take auna ta, ba ta bar wa kowa. Ta zauna da buhun gero da tsohon mudunta, ta riƙa kiran mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, har jaririn da ba a yi wa suna ba. Mudun sai ya yi tozo take juyewa. Ni ake aika da kaso ɗaya kafin a tafi idi, ta ƙofar baya, zuwa gidan maƙwabciyar nan ta gabas, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara.

"Ki aje, ki gaishe ta, ki juyo. Kada ki tsaya a yi miki godiya. Ke nike aike don Bebiya ba ta kai labari."

Kwana biyu bayan salla za ka ji su ta kan katanga, wannan na cewa kajinki sun ci mani tsaba, waccan na cewa ki rufe tsabarki mana.

Akwai wani aiki na Kaka da ba na kasuwa ba. In ciwon mace ya yi tsanani a unguwarmu, ita ake kira ta zauna kusa da ita. Takan dawo shiru, abin da ba halinta ba. Wata rana muna jera faya-fayai ta ba ni labarin wata ƙawarta, abokiyar kasuwarta tun ƙuruciya. Ta ce da ajalinta ya zo, ana karanta mata kalmar shahada, ita kuwa ciniki take da mutanen da ba sa cikin ɗakin. Tana cewa a ƙara, tana cewa ba ta sayar ba, har ta cika.

"Ba ni ce komi ba game da makomarta," in ji Kaka. "Zahin ciwo na, kuma mace ta mai salla. Amma na ji tsoro, Bebiya. Harshena irin nata na. Abin da ya saba yi da rana, shi nike tsoron shi yi ranar."

Tun daga lokacin ta shiga horar da harshenta. In ta yi tuntuɓe, la'ilaha illallah. In tukunya ta tafaso ta zube, la'ilaha illallah. Ba kullum take cin nasara ba. Ranar da akuyar wani ta shigo ta cinye mata gefen sabuwar tabarma, ta ɗauko zagi tun daga kakan akuyar, ta kai tsakiya ta tsaya cak, ta ƙarasa da kalmar shahada da ƙarfi, har akuyar ta fi tsorata da ita.

Ta ce mini salla da azumi da zakka da hajji duk a kan kalmar nan aka ɗora su, da ita ake shiga, da ita ake fatan fita. Ta kuma gaya mini yadda ake yi wa mai gargara. Ba a ce masa "ka ce". Mutum yana cikin wahala, in an matsa masa zai iya cewa a ƙyale shi, ya zama ita ce maganarsa ta ƙarshe. Ana zama ne kusa da shi a faɗi kalmar a hankali, kamar mutum na faɗa wa kansa. In ya amsa, sai a yi shiru, kada a sake sa shi wata magana.

A gabana ta karɓi alkawari daga Baba. Ya zo gaisuwar safe, yana tsugune a bakin ƙofa, ni ina bayan gado ina naɗe shimfiɗa.

"Kai, ranar da tawa ta zo, kai nike so wajen kaina. Ƙanwarka ihu gare ta."

"Haba Inna, ki bar wagga magana da sassahe."

"Ba ni bari. Ka ce to."

Da ƙyar ya ce, "To."

Ciwon ya same ta da safe tana shara. Tsintsiyar ta faɗi, ita ma ta bi ta. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Matar da ake ji daga farkon layi ta koma sai wani ɗan sauti a maƙogwaro. Hankalinta kuwa yana nan sarai, a idanunta ake gani. Ranar da aka dawo da ita ta dube ni, ta nuna bakinta da hagu, ta nuna nawa, gefen fuskarta mai lafiya ya yi murmushi. Na gane. Bebaye sun zama biyu a ɗakin.

Baba ya kawo mata wani dutse mai santsi daga fadama don taimama. In lokacin salla ya yi sai in riƙe mata shi, ta dafa da hagu, in taya ta shafa fuska da hannuwa. Sai a jingina ta da matasai tana fuskantar gabas, in tsaya kusa da ita in yi tawa sallar ina ɗan ɗaga murya, ita tana bi da kai. A sallar farko da muka yi haka, da na zauna tahiya, sai na ga motsi ta gefen idona. Hannunta na hagu ne ke rarrafawa a kan cinyarta. Ya je ya sami na daman da ke kwance ba rai, ya kama manuniya, ya ɗaga ta sama, ya riƙe. Ga yatsan hagu lafiya lau, da ta so da shi za ta nuna. Ba ta yarda ba. Haka ta riƙa yi a kowace salla har ƙarshe, kuma ba wanda ya lura, don ni kaɗai ke salla a ɗakin.

Azumi ya zo ya same ta a kwance. Likita ya ce kada ta yi, liman ma ya ce ba ya kanta, Baba ya riƙa ciyar da wani mabuƙaci a madadinta. A kwanakin farko in an kawo koko da rana sai ta datse baki. Da ƙyar Mama ta lallashe ta. Daga baya ta yarda, amma sai an juyar da ita ta fuskanci bango an saki labule, don kada mai azumi ya gan ta tana ci.

Watanni Baba bai yi doguwar tafiya ba saboda alkawarin nan. Amma gida na ci, kuma jikinta ya yi kamar ya lafa, har tana cin tuwo. Da tafiyar Tawa ta taso ya zo ya tsuguna ya gaya mata, ta gyaɗa masa kai, ta yi masa alama da hannu ya tafi. Gwaggo ta zo ta zauna da mu kafin ya dawo.

Ranar Asabar ce, ba makaranta. Da hantsi ina wanke kofin kokonta na ji numfashinta ya sauya, yana fita da wata ƙara. Na kira Gwaggo da Mama. Muka juyar da ita a kan ɓarinta na dama tana kallon gabas, aka lulluɓa mata mayafi har wuya. Mama ta fita da gudu neman wanda zai kira Baba a waya. Gwaggo ta durƙusa a wajen kanta ta riƙe mata fuska.

"Inna, ki ce la'ilaha illallah! Inna ki ce! Don Allah ki ce, Inna!"

Ba na ganin laifin Gwaggo. Uwarta ce ke tafiya, kuma abin da ta fi so mata ke nan a duniya. Idonta yana kan bakin Kaka, tana jira ya motsa.

Ni ina zaune wajen cikinta. Da kuka ya sarƙe Gwaggo ta tsaya jan numfashi, sai na sunkuya na faɗi kalmar sau ɗaya, a hankali, yadda Kaka ta ce ana yi. Sai na ga mayafin yana motsi. Hannun hagu ne ke lalube a ƙarƙashi. Da muka juyar da ita, na daman ya zame ya yi nisa, can bakin katifa, na hagun kuma ba shi da sauran ƙarfin kaiwa. Yana zuwa rabi ya tsaya, ya sake yunƙurawa. Na zura hannuna ƙarƙashin mayafin na turo na daman kusa, na bar tafina a wurin. Na ji yatsunta sun kama manuniyar. Na ji ta tashi daga kan hannuna. Ta tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan riƙon ya saki.

Na yi shiru, tun da ta amsa. Gwaggo ta ci gaba da kira har Mama ta dawo ta dafa kafaɗarta ta ce, "Sai haƙuri."

Na so in faɗa tun ranar. Amma gida ya cika, Gwaggo ta riga ta ba da nata labarin, kuma ba wurina ba ne in tsaya a gaban manya in ce ba haka aka yi ba. Na gwada gaya wa Mama a madafa, kafin in haɗa maganar aka kira ta. Liman ya zauna da Baba a zaure ya gaya masa Allah ba ya kama wanda aka ɗauke wa harshe, kuma rayuwarta kowa shaida ne. Ƙanena ya ce ya ji Baba ya amsa, "Na sani, Malam." Duk da haka kwanon yamma ya dawo a rufe.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mutane sun ragu. Mama ta dama fura ta miƙo mini ƙwaryar. Ƙanena ne ke kai wa Baba abinci kullum, amma ta ce, "Ke kai mai. Yana ɗakin Kaka."

Na same shi zaune a ƙasa kusa da katifar da aka naɗe, dutsen taimama a hannunsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Na yi sallama, na durƙusa, na ajiye ƙwaryar da hannun dama.

"Aje nan," ya ce, yana kallon bango.

Na riga na ajiye. Abin da ya rage in tashi in fita, kamar kullum. Ban tashi ba.

"Mi na na?" ya ce.

"Baba, Kaka ta yi shahada."

Ban san muryata za ta fita haka ba. Ya jujjuya dutsen a hannunsa.

"Gwaggonki ta ce ba ta motsa baki ba."

"Ba da baki ba."

Na gaya masa yadda take yi a tahiya tun da ciwon ya same ta, da abin da ya faru ƙarƙashin mayafi. Na yi ta sarƙewa ina komawa baya, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Nuna mani."

Na kwantar da hannuna na dama a kan tabarma kamar mara rai. Na kawo na hagu a hankali, na kama manuniya, na ɗaga. Hannuwan yake kallo, ba fuskata ba. Ya daɗe yana kallo.

"Tsakaninki da Allah," ya ce. "Ita ta ɗaga, ko ke kinka ɗaga mata?"

"Ni na matso mata da hannun kawai, don ya yi mata nisa. Ita ta kama, ita ta ɗaga."

Ya ajiye dutsen. Ya rufe fuskarsa da tafukansa biyu, kafaɗunsa suna rawa, ni kuma na mayar da idona ƙasa don ba a kallon uba yana kuka. Can na ji ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, ya share fuska da hannun riga.

"Wa ya koya miki kada a ce ma mutum ka ce?"

"Ita."

"To. Ashe ta aje wani wajen kanta ko ba ni nan." Ya ja numfashi. "Tahi ki kira gwaggonki. Ki hwaɗa mata awa yadda kinka hwaɗa mani, ita ma ba ta barci."

Na tashi. Ina bakin ƙofa na ji ƙarar ludayi a cikin ƙwarya. Ban waiwaya ba, amma da na dawo ɗaukar ta ba sauran komai a ciki.

Har yanzu Baba ba ya kiran sunana, kuma ban sa rai ba. Dutsen yana ɗakin, a gindin gadona, shi ya ce a bar mini. Gwaggo da ta ji ta yi kuka, sannan ta ce, "Taurin kai har wurin mutuwa, sai da dama." Ita ce yanzu ke ba masu zuwa gaisuwa labarin, da ƙarfi, tana nunawa da hannuwanta.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata faɗan kasuwa da na kaji, ya karɓi sallolin da ta yi a tsaye da waɗanda ta yi a jingine. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya bar mana abin da za mu yi shaida da shi, baki ne ko yatsa.